Yarana sun ƙi amsa gwajin Piaget, yaya zan rubuta rahoto?

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina shekara ta biyu a karatun NCE ɓangaren renon ƙananan yara a nan Sakkwato, kuma an ba mu aikin lura da yara 'yan shekara 4 zuwa 5 a wata makarantar nazare da ke Mabera.

Na ɗauki gwajin ruwa na Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa: kofi biyu iri ɗaya, ruwa daidai, sai in juye ɗaya cikin dogon kofi siriri in tambayi yaro wanne ya fi yawa. A littafi, yaron da bai kai kimanin shekara 7 ba zai nuna dogon. To nawa yawancinsu ko uffan. Sai su sunkuyar da kai don kunya, wata ma ta ce "wanda kike so, Malama". Da na maimaita tambayar, biyu suka canza amsa, suna zaton kuskure suka yi.

Abin ya tsaya mini a rai, ba na son rubuta abin da ban gani ba. Shirun nan zan rubuta a matsayin sakamako, ko in sa wata babbar yarinya ta yi musu tambayar cikin wasa ni ina gefe? Don Allah wadda ta taɓa yi ta taimaka mini, sati mai zuwa zan miƙa.