Hunturu ya shigo, ƙiba na neman kayar da ni, ku taimaka da shawara

Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Ni mazaunin Zariya ne, kuma kowa ya san yadda sanyi yake mana daga Disamba zuwa Janairu, to duk shekara da zarar hunturu ya kama sai in ga tumbi ya fara fitowa, wandon da na ɗinka da babbar sallah yanzu da kyar yake shiga.

Da zafi ina zagaye bayan sallar asuba, amma yanzu hazo da ƙura ba sa bari, ina fita sai mura da tari da toshewar hanci, ga ƙafa duk faso. Sai in koma cikin bargo kawai. Yunwa kuwa ba a magana, da safe ɗumamen tuwo da man shanu ko kunun gyaɗa da ƙosai, da dare kuma ina teburin mai shayi, shayi mai kauri da biredi da indomi da ƙwai biyu, wallahi idan ban sha ba barci ba ya zuwa. Ruwa ma ba na jin ƙishinsa sam.

Na gwada rage sukari da tsallake abincin dare, sai ƙarfe biyu yunwa ta tashe ni. Kuma akwai hawan jini a gidanmu, shi ya sa abin ke damuna.

Masu motsa jiki a ɗaki, me kuke yi wanda ba sai an sayi kayan jim ba? Takunkumi yana tare ƙurar nan idan mutum zai yi tafiya da yamma? Sannan wane abu mai zafi zan sha da dare maimakon shayin madara?