Neman shawara: manhajar RSS, da abin da zai maye gurbin Pocket

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Pocket ta rufe ranar 8 ga Yulin 2025. Wacce manhaja za ta gaje ta wajen ajiye rubutu a karanta daga baya? Sannan bin shafuka kamar arba'in ta RSS, wato hanyar da ke tattaro sabbin rubuce-rubucen shafuka wuri guda, wacce ce mai sauƙi a wayar Android?

Injiniya Sani: Wa'alaikumus salam Malam. Aiki biyu ne ka haɗa, kowanne da manhajarsa. Na RSS tukuna. Iri biyu ne. Akwai waɗanda sabarsu ce ke zagaya shafukan tana kwaso maka sabon abu, irin su Feedly da Inoreader da NewsBlur. Feedly a kyauta tana karɓar shafuka 100, Inoreader 150, NewsBlur 64. Arba'in ɗinka zai shiga ko'ina. Akwai kuma waɗanda wayarka ce da kanta ke kwasowa, kamar Feeder, wadda ba ta neman rajista kwata-kwata. Masu iPhone kuma NetNewsWire, ita ma kyauta.

Hajiya Bilki: Ni Feeder zan ce, saboda data. Ka saita ta ta sabunta sau ɗaya ko biyu a rana, kuma sai da wifi idan kana da shi. Da zarar ta sauke, rubutun yana nan a waya ko babu sabis. Illarta guda: abin da ka karanta a waya, kwamfuta ba ta sani ba. In dai a wuri biyu kake karatu, Inoreader ta fi.

Injiniya Sani: Gaskiya ne Hajiya. Amma duk wadda aka zaɓa, kafin komai a duba tana fitar da OPML. Ɗan fayil ne ƙarami mai ɗauke da jerin adireshin duk shafukan da kake bi, da foldar da ka sa kowanne. Lokacin da Google ta rufe Google Reader ranar 1 ga Yulin 2013, wannan fayil ne ya sa mutane suka kwashi kayansu suka koma Feedly da sauransu ba tare da sun fara daga tushe ba. Ka shiga saituna, ka nemi Export OPML, ka tura wa kanka ta imel. Duk sanda ka ƙara shafuka biyar ko goma, ka sake. Sai dai a sani, OPML bai ɗauke da labaran da ka yi wa tauraro ko ka ajiye, jerin adireshi ne kawai.

Malam Habu: To yaya ake gano adireshin RSS na shafi? Shafuka da yawa yanzu ba sa nuna alamar RSS ɗin nan mai ruwan lemo.

Yaya Murtala: Sun ɓoye alamar ne Malam, abin yana nan. Fara liƙa adireshin shafin kai tsaye a manhajar, sau da yawa za ta gano da kanta. In ta kasa:
Shafin WordPress, ƙara /feed/ a ƙarshe. Jaridu da yawa a kansa suke, kuma /category/siyasa/feed/ zai ba ka sashe guda kawai.
Blogger kuwa /feeds/posts/default.
YouTube: youtube.com/feeds/videos.xml?channel_id= sannan lambar tashar, wadda ke farawa da UC. Ba sunan da ke bayan @ ba, nan ake yawan yin kuskure.
BBC Hausa: feeds.bbci.co.uk/hausa/rss.xml.
In duk wannan bai yi ba, buɗe shafin a kwamfuta, danna Ctrl da U, ka nemi application/rss+xml a ciki.

Hajiya Bilki: Wani abu da zai ci karo da shi: wasu shafukan kanu da layi biyu kawai suke turowa. Ba laifin manhajar ba ne, mai shafin ne ya datse don a shigo wurinsa. Feeder tana da zaɓin ɗauko cikakken rubutu, a kunna shi shafi-shafi, kada a kunna wa duka, data ce za ta tafi. Sannan in ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya ko wasu haruffa marasa kan gado, shafin ne bai bayyana UTF-8, wato tsarin da ke nuna haruffa, daidai ba. Canza manhaja ba kasafai yake gyara shi ba, mai shafin za a sanar.

Injiniya Sani: Na Pocket kuma: Instapaper ce ta fi kama da ita, tana tsabtace shafi ta ajiye maka rubutu zalla. Raindrop.io ta fi ƙarfi wajen tara adireshi da jera su. Amma a tuna Omnivore, wadda mutane suka yi ta yabo, ita ma ta rufe a Nuwamban 2024. Wanda ke so abin ya kasance a hannunsa, Wallabag ce, ana ɗora ta a sabar mutum, kuma tana shigar da fayil ɗin Pocket ga wanda ya riga ya sauke nasa.

Yaya Murtala: Tunda an zo maganar saba, akwai manhajojin RSS da mutum ke ɗorawa a sabarsa: FreshRSS yaren shirye-shirye na PHP take buƙata, Miniflux kuma rumbun bayanai na PostgreSQL. A FreshRSS abin da ake mantawa shi ne cron, wato tsarin da ke sa saba ta maimaita aiki da kanta a kan lokaci. In ba a saita ba, ba ta sabuntawa sai ka danna da hannu. Minti 30 ko awa guda ya wadatar. Wanda ya sa duk minti biyar, wasu shafukan za su toshe shi da lambar kuskure 429, wato buƙatun sun yi yawa. In 403 ka gani, wato an hana shiga, galibi kariyar shafin ce irin ta Cloudflare ta ɗauki sabarka a matsayin mutum-mutumi. Gwada adireshin nan a Feeder daga waya, yawanci yana wucewa.

Malam Habu: Allah Ya saka da alheri. Facebook da X fa?

Yaya Murtala: Ba su da RSS yanzu. RSS-Bridge tana ƙoƙarin ƙirƙiro wa shafukan da ba su da shi, amma da sun taɓa tsarinsu sai gadar ta karye. Idan marubucin yana da shafinsa ko wasiƙar imel, can za a bi shi. Kill the Newsletter tana ba ka adireshin imel na musamman, ka yi rajistar wasiƙar da shi, ita kuma ta mayar maka da ita Atom, wani tsari irin RSS, ka liƙa a manhajarka kamar sauran.