Gobarar daji a yankin makiyaya: shawarwarin da aka bayar

A arewacin Maradi da Tawa, wajen Bermo da Abalak, damina mai kyau tana zuwa da fargaba. Ciyawa ta yi kauri, ta bushe a watan Oktoba, iskar hunturu ta taso. Garwashi ɗaya da mai shayi ya bari ya isa ya cinye abincin dabbobi na rani guda. A zaman da muka yi da makiyaya, manoma da masu gari, a kan batun gobarar daji aka fi daɗewa.

Dattawa suka ce a share hanyoyin tare wuta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, a biya matasan garin kuɗin aikin. Wannan shawarar ta fi kwanta mini: kuɗin yana shiga gida, ciyawar da aka cire kuma a ɗaure ta a ajiye.

Wata uwa ta tambaya, wanda wuta ta riga ta cinye wa wurin kiwo fa? Ta ga maƙwabcinta yana jan saniya mai ciki zuwa kasuwa, ya sayar da ita a wulaƙance. Shi ya sa aka nemi kowane gari ya tanadi rumbun dusa da angurya, a sayar da rangwame. Fulani suka tuna da habbanaye: a ara wa wanda ya rasa garke karsana, ya riƙe 'ya'yanta, ya mayar da uwar.

Masu zuma kuwa, an ce mai gari ya ja musu kunne kan kunna wuta a gindin itace.