Haibirid: me za mu riƙa ce mata da Hausa?

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk magidancin da ya je wurin dillalan motoci a Kano tambayarsa ta farko ita ce "ya shan manta?" Dillali kuma sai ya nuna masa Camry ko Highlander mai ɗan tambarin Hybrid a baya, ya ce "Alhaji, wannan haibirid ce." Alhaji ya gyaɗa kai, alhali bai san me aka ce masa ba. Mu nema mata suna.

Ga yadda take. Injuna biyu gare ta, na fetur da na lantarki, da wani babban batir a ƙarƙashin kujerar baya ko a bayanta. In kana jan jiki a gosulon Kantin Kwari ko Bata, na fetur kan mutu da kansa, na lantarki ya ja motar. In ka taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza sai ya koma batir. Shi ya sa ribarta a cikin gari take. A titin Kano zuwa Zariya, inda gudu ake zubawa, bambancin yana raguwa. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Sienna ta 2021, wadda haibirid ce, tana cin kusan lita 6 da rabi a kilomita 100, ta 2020 mai V6 kuwa kusan lita 11. Kuma ba sabon abu ba ne, Toyota ta fitar da Prius a Japan tun 1997.

Wani ya ce "mota mai caji". Wannan kam a'a. Shi ne ma sunan da ke korar masu saye, don mutum zai fara lissafin wutar nefa da janareta. Irin waɗanda suka cika gari ba a jona su da komai, su ke cajin kansu suna tafiya.

Wata malama ta kawo "karɓa-karɓa". Ya burge ni, sai dai 'yan siyasa sun riga mu, kuma akwai lokacin da injunan biyu suke aiki tare, kamar wajen hawan gadar sama da kaya. "Barbarar yanyawa" kuwa, wa zai ba da miliyoyinsa ya sayi zagi?

Wani bawan Allah ya ce "'yar aure", kamar mangwaron aure. Ranka ya daɗe, ma'anar ta fita, amma je ka ce wa uwargida ka sayo 'yar aure ka ga.

Ni dai "ruwa biyu" na zaɓa. Kalma ce da kowa ya sani, ba ta da nauyi a baki, kuma tana sa mai saye ya tambaya: ruwa biyu, me da me? Tambayar da ake so ke nan, domin amsarta ce za ta kai shi ga batir, kuma a nan kuɗin yake. Mafi yawan motocinmu 'yan Kwatano ne, sun ci shekaru kafin su iso. Batirin nan ba ya son zafi, ga Kano a watan Afrilu. Fankar da ke sanyaya shi daga cikin mota take jan iska, ƙurar hunturu kuma tana toshe ta. In ya mutu, abin da ka tara na mai zai iya tafiya a sayen wani. Don haka kafin ciniki a sa kwamfuta a duba lafiyarsa, a kuma leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a ji farashinsa. Kada a bar kowane bakanike ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, wutar cikinsu tana kisa.

An yi ƙorafi cewa motar da aka juya ta koma CNG, wato iskar gas, ita ma abu biyu take sha. Gaskiya ne, amma injinta ɗaya, kuma direbobi sun riga sun sa mata "mai gas".

To ga inda na tsaya: haibirid, ruwa biyu. Wadda ake iya jonawa da wuta kuma tana shan mai, ruwa biyu mai caji. Wadda ba ta da tankin mai sam, motar lantarki. Masu labaran rediyo, ku gwada mana shi a iska mu ji ko kanikawa za su ɗauka.