Injin zarton da na ƙara wa ƙarfi ya kama bayan tanki biyu, ta ina zan fara?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum, manyanmu. Wani aiki ne ya ɓaci a hannuna, nake neman shawara. An kawo mini injin zarto na yankan itace, mai cc 70, faɗin fistin milimita 50. Mai shi ya ce yana yi masa nauyi in ya shiga babban gungume, a ƙara masa ƙarfi. Abu uku na yi: na faɗaɗa bakin salansa, na cire gasket ɗin gindin silinda na shafa jan silikon a madadinsa, sannan na ɗan ci gefen ƙofar hayaƙi dama da hagu. Kafireto ban taɓa shi ba, don da na tayar na ji kukansa ya washe, har ya fi da tashi.

Tanki biyu kacal ya sha a wurin aiki, ya mutu ana tsakiyar yanka, igiya ta ƙi jawuwa sai da ya huce. Na cire salansa na leƙa: fistin ya karce ta wajen hayaƙi, zobe ya manne a raminsa, fulogi kuma fari fat. Mai shi ya ce ni na kashe masa inji, ni kuwa ina zargin ko bai haɗa mai daidai ba. Yaya zan gane gaskiya? Kuma silindar za ta gyaru?

Tsohon Makaniki

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kukan nan da ya washe har ya burge ka, shi ne gargaɗin da injin ya yi maka. Inji irin wannan ba shi da wurin ajiye baƙin mai. Man da aka haɗa da fetur shi ke shafe fistin da boris, fetur ɗin kuma yana taimakawa wajen sanyaya kan fistin. Da ka buɗe salansa, iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru daidai da ita ba. Juyi ya hau, zafi ya hau, shafi ya ragu. Gefen fistin da ke kallon ƙofar hayaƙi shi ya fi ko'ina zafi, shi ya sa nan yake fara narkewa ya shafe zobe.

Amma kada ka kwance silindar tukuna. In ka ɗaga ta yanzu, ka goge shaidar da ke gindinta, ba za ka ƙara sanin ko wurin yana shan iska ba.

Fara da man da ya rage a tanki. Juye shi a kwalba mai haske, ka haɗa naka sabo a wata kwalbar, mililita 20 na mai a lita ɗaya, wato 50:1. Ɗiga kowanne a farar takarda ka bar su su bushe. Fetur zalla yana tashi ya bar takarda kusan yadda take, wanda aka haɗa kuwa yana barin tabon maiƙo. Wannan ba zai gaya maka adadin man ba, amma zai nuna ko akwai shi ko babu.

Sai gwajin iska. Yanko roba mai kauri ka toshe bayan salansa da bayan kafireto, ka ɗaure su a kai. In injin yana da maɓallin rage matsi, cire shi ka toshe ramin. Ta ramin fulogi ko ta siririn tiyon da ke buga famfon kafireto za ka hura iska da famfon gwaji mai allurar awo har matsin ya kai bar 0.5, kimanin psi 7. Kada ka wuce haka. Allurar ta tsaya cak na rabin minti aƙalla. In tana sauka, fesa ruwan sabulu a gindin silinda, da robar wuyan kafireto, da siririn tiyon nan, da inda akwatin kiranshaf ya haɗe, ka ga inda kumfa za ta taso. Bayan nan ka juya famfon gwajin ya zuƙe iska daidai wannan awo, kana jujjuya kiranshaf a hankali. Sil ɗin kiranshaf, robar da ke hana iska shiga ta gefensa, sau da yawa yana riƙe hurawa amma ya kasa riƙe zuƙa, kuma mutane da yawa a nan suke yaudaruwa.

Ina kyautata zaton a gindi za ka ga kumfar. Silikon na gama-gari ba ya jure fetur, laushi yake yi ya kumbura ya fita. Man liƙin da ake sawa a wurin nan shi ne irin su ThreeBond 1184, Yamabond 4 ko Dirko, a shafa shi siriri ƙwarai bayan an wanke fuskokin biyu babu ɗigon maiƙo.

Da ka buɗe, fistin zai gaya maka sauran. Karce ta wajen hayaƙi kaɗai, zafi ne da ƙarancin fetur. Karce ta wajen kafireto, fistin ya yi dishi-dishi kamar an goge shi, ƙura ce ta wuce matatar iska. In babu mai sam a fetur, karcen yakan zagaye fistin, kuma za ka tarar da cikin akwatin kiranshaf a bushe ƙayau. Layi guda mai zurfi da 'yan lotse-lotse a kan fistin kuwa, zobe ne ya harɗe a bakin ƙofa ya karye, ko kilif ɗin da ke tsare fil ɗin fistin ya fita.

Mai Ma'auni

Abin da Oga ya faɗa haka yake. Ni abin da ya tsaya mini shi ne ban ji ka ambaci awo ko ɗaya ba, Malam.

Ba a cire gasket sai an auna tazarar da ke tsakanin kan fistin da rufin silinda. Wayar dalma mai laushi za ka samu, irin ta masu gyaran rediyo, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Lanƙwasa ta ka zura ta ramin fulogi har ta taɓa bangon silinda, a saitin fil ɗin fistin don kada fistin ya karkata ya ba ka awon ƙarya. Juya filawil da hannu fistin ya matse ta, ka zaro ka auna bakin da ya baje. Yi haka ta gefe biyu. A inji mai wannan girma, kusan milimita 0.5 ake nema. In da gasket ka sami 0.9 kuma gasket ɗin 0.4 ne, cirewa ta yi daidai. In kuwa 0.7 ka samu, cirewa za ta kai ka 0.3, kuma da inji ya yi zafi ya hau juyi fistin zai iya sumbatar rufi. A nan sai a yanka siririn gasket a mayar. Ka kuma sani saukar da silinda yana jinkirta buɗewar ƙofar hayaƙi, yana tsawaita lokacin shigar iska, don haka ba matsi kaɗai ka canja ba.

Ƙofar hayaƙi ma da iyakarta. Faɗinta kada ya wuce kashi 65 cikin 100 na faɗin silinda a injin da za a yi aiki da shi kullum, masu tsere ne ke kai wa 70. A milimita 50, wato 32.5 ke nan, a auna a miƙe daga gefe zuwa gefe. Dole siket ɗin fistin, wato ƙasan jikinsa, ya rufe ƙofar da ragowar aƙalla milimita 1.5 a kowane gefe, kuma bakin zobe, inda ɗan fil ɗin da ke tsare shi yake, kada ya ratsa ta kan ƙofar. Rufin ƙofar a bar shi da ɗan lanƙwasa, ba shimfiɗe ba, don lanƙwasar ce ke mayar da zobe raminsa sannu a hankali. Duk inda ka ci, ka kashe kaifin bakin da samfefa har yatsa ya wuce bai ji tsini ba. Bakin salansa kuma, jimillar ramukan kada ta wuce kusan kashi 80 cikin 100 na girman ƙofar hayaƙi. Ragar tare tartsatsi a bar ta, kuma a duba hayaƙin ba ya dukan robar birkin sarƙa.

Game da silindar, yawanci tana gyaruwa. Cikinta rufi ne mai tauri, Nikasil ko kurom, kuma abin da kake gani kamar karce galibi gorar fistin ce, wato alminiyam ɗinsa, ta narke ta manne a kai. Goge ta da samfefa mai lamba 320 zuwa 400, kana bi a zagaye, ba sama da ƙasa ba. Wasu suna ɗiga asid ɗin haidurokilorik da auduga, yana cinye gorar ya bar rufin, amma in akwai ɗan rami a rufin zai shiga ƙarƙashi ya ɓata silindar gaba ɗaya, ga hayaƙinsa da cutarwa. Da ka gama, ja farce a wurin. In ya maƙale a sama da ƙofar hayaƙi, inda zobe ke riƙe matsi, silindar ta tafi. Ba a yi mata bori, wato ba a faɗaɗa cikinta.

Sabon Hannu

Na gode ƙwarai. Na yi yadda kuka ce. Man tankin ya bar tabo daidai da nawa, cikin akwati ma da maiƙo. Da na hura, allura ta faɗi cikin daƙiƙa goma, kumfa kuma ta taso a gindin silinda ta gefen filawil. Silikon ɗin ya zama kamar danƙo. Tazara 0.55, faɗin ƙofa 32. Gorar ta goge, farce ba ya maƙalewa. To yanzu me zan ce wa mai inji?

Uban Gareji

Gaskiya za ka gaya masa, ɗana, kuma yau, tun kafin ya sake zuwa da fushi. Gwajin ya wanke shi. Kira shi, ka ajiye fistin da takardar nan biyu da ɓarɓashin silikon a gabansa, ka ce mansa lafiya lau, abin da ka shafa ne bai riƙe ba, kuma ba ka ƙara wa kafireto fetur ba bayan ka buɗe salansa. Fistin, zobe, kilif, man liƙi da aikin hannu duk a kanka suke. In a cikin buɗewar ka ga wani abu da ya riga ya tsufa da kansa, kamar boris mai wasa ko tiyon mai da ya tsage, nuna masa daban ka bar shi ya yanke shawara, kada ka cusa shi cikin lissafin don rage asararka. Ka faɗa masa ranar da zai karɓa, ranar da ka tabbata za ka cika, don mutumin da injinsa ke ciyar da shi kowace rana a zaune hasara ce gare shi.

Nan gaba kuma, kafin ka taɓa injin kowa, auna matsi, leƙa fistin ta ƙofar hayaƙi ka ɗauki hoto, ka yi gwajin iska a gabansa in zai yiwu. Rubuta abin da za ka yi ya amince. Ka sanar da shi cewa inji zai ƙara ƙara, zai ƙara shan mai, kuma in sabo ne garantin kamfani ya faɗi.

Tsohon Makaniki

Madalla. Wajen haɗawa, kibiyar kan fistin ta kalli ƙofar hayaƙi. Kilif sababbi, bakinsu ya kalli sama ko ƙasa, ba gefe ba, kuma ka toshe bakin akwati da tsumma kafin ka sa su. Wanke akwatin da haɗaɗɗen fetur don ɓarɓashin gora. Ɗaure notunan silinda a gicciye, ka bar man liƙin ya kwana, ka sake gwajin iska kafin ka ja igiya.

Saitin kafireto da matatar iska mai tsabta ake yi, sarƙa a ɗaure, inji ya yi ɗumi. Sukurun H na jikin kafireto, mai daidaita fetur a babban juyi, in ka juya shi dama fetur ke raguwa, hagu kuma ƙaruwa. Fara da sassauta shi kwata daga inda yake. In murfin roba ya hana shi juyawa, sai an cire murfin. Ka matse wuta gaba ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi ba a cikin itace ba: ya kamata ka ji yana ɗan in-ina, burr-burr, sannan da sarƙa ta kama itace kukan ya washe, da ka ɗaga kuma in-inar ta dawo. In babu ita, ƙara masa fetur. In kana da na'urar ƙirga juyi, yawancin injina masu wannan girma iyakarsu 13,000 zuwa 13,500 a minti, amma duba littafin injin, ka tsaya ƙasa da iyakar da ɗari biyar har sabon zobe ya zauna.

Ni a injin da aka taɓa na fi son 40:1, mililita 125 a lita biyar. Sai dai duk haɗin da ka zaɓa, da shi za ka yi saitin, shi kuma mai inji zai ci gaba da zubawa. Ka ƙona tanki guda a babban gungume da hannunka, ka cire salansa ka sake leƙa fistin, sannan ka kira shi.