Katangar da ke tsakanina da maƙwabcina ta faɗi, wa zai tayar?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah a sakaya sunana.

A Unguwar Dosa nake, shekara 6 ke nan da na sayi gidan. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ranar Talata ya kayar da katangar da ke tsakanina da maƙwabcina, wajen ƙafa 30. Cikin gidana ta zubo, ta danne ɗan lambun uwargida: zogale, yakuwa da gwanda biyu. Alhamdu lillahi ba ta taɓa kowa ba. Yanzu tabarmi muka rataya, matan gidajen biyu duk a takure suke.

Na je na sami maƙwabcin nawa, Alhaji, dattijo ne sa'an mahaifina. Ya ce shi ya gina ta da kuɗinsa tun wurina yana fili, kuma ban ruwan da iyalina ke yi a gindinta ne ya cinye harsashin, don haka ni zan tayar. Ni kuwa na san indararon ɗakin samarinsa a kanta yake zuba tun da na tare. Ban musa masa ba, na ce to Baba, zan dawo. Alhakin wa ne?

Birkila daga Rigasa: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, kai da Alhaji duk kuna da hannu, amma mai babban laifi shi ne wanda ya yi ginin. Ka duba ɓaraguzan. In bulo mai inci 6 ne, babu fila ko ɗaya, to da ma kwananta take jira. Katanga mai tsawo haka tana son filar kankare da rodi duk bayan kamar ƙafa 10, da ƙofar da ruwa zai bi ya fita. Ƙafa 30 bulo 20 ne a layi ɗaya, layi 10 ka ga 200 ke nan, ban da na cikin ƙasa. Kada ka bari a mayar da tsofaffin, sun riga sun sha ruwa.

Baban Khalifa: Kafin a zo maganar kuɗi, a ƙasar wa katangar take? Kowane fili da aka auna yana da turakun siminti a kusurwoyinsa, lambobinsu na jikin zanen safiyo. Ɗauko takardunka ka duba. In turakun sun ɓace, ka kira safiyo, ko ka je KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, in gidan yana da takardar mallaka. Idan gaba ɗaya a filin Alhaji take, tasa ce. Idan a kan iyaka ta hau, rabi nan rabi can, magana ta canza. Yanzu da take ƙasa shi ne lokacin awo, domin na ga inda aka tayar da katanga aka ci taku ɗaya, jikoki suna ta shari'a.

Malam daga Tudun Wada: Malamanmu na Malikiyya sun yi wannan bayani tun tuni. A Risala, in an yi jayayya kan katanga, ana duba wanda gininsa ya sarƙe da ita, a ba shi. To nan ma babu jayayya, Alhaji da bakinsa ya ce tasa ce. Mai katanga kuwa, in ta faɗi da kanta, ba a tilasta masa ya mayar, sai a ce wa maƙwabci ya suturta kansa. Ana tilasta shi ne in da gangan ya rushe don ya cutar. Amma in ta tabbata ruwanka ne ya kayar da ita, ka ɓata dukiyar wani, sai ka biya gwargwadon ɓarnarka. Haka shi ma ba shi da damar sako maka ruwan indararo. Allah ne mafi sani.

Abu Sadik: Ka ja taka katangar a cikin filinka kawai, kowa tasa ta fisshe shi.

Maman 'yan biyu: Haba Abu Sadik, katanga biyu jere, tsakaninsu ya zama gidan ɓeraye da macizai? Ɗan uwa, shekara 6 kana cin sutura da katangar bawan Allah, ko buhun siminti ba ka taɓa sa mata ba. Ni a ganina ka sayi bulo da siminti, shi ya ɗauki yashi da kuɗin aiki, ya kuma juya indararonsa. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da limaminku ko mai unguwa, dattijo ya fi jin magana daga bakin sa'ansa. A rubuta a takarda cewa ta zama ta ku biyu. Uwargida kuma ta matsar da zogalenta, ko ta koma shuka a buhu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, inci 6 ne kuma babu fila. Turke ɗaya kawai na gani, ɗayan yana ƙarƙashin ɓaraguzai. Na yi wa liman magana bayan Isha'i, ya ce mu haɗu gobe bayan La'asar a zauren Alhaji. Mai gini na Rigasa, in an ƙara fila huɗu, rodi nawa zan saya?