Zinare ne zai ta da Atbara ko jirgin ƙasa?

Ɗan Kassala: Salamu alaikum jama'a. Na kwana huɗu a Atbara, garin jirgin ƙasa na Sudan, wajen dangi, kuma zan faɗi abin da idona ya gani, dattawa a yi mini afuwa. Zancen sikka hadid, wato jirgin ƙasa, ya ƙare. Taragu na nan jibge suna cin tsatsa, amma ka wuce Barbar ka shiga kasuwar zinare ta Abidiyya ka ga yadda kuɗi ke yawo. Zinare da siminti ne ke riƙe da yankin yanzu. Mu daina kukan jirgi.

Kawu na Atbara: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwana huɗu ba ya isa a san gari. Ni a warsha, wato ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, na yi furfura. A zamaninmu da jiniya ta busa da sassafe sai titi ya cika maƙil da kekuna, kowa da ƙunshin karin kumallonsa ɗaure a baya, maƙera da kafintoci da masu juya ƙarfe. Ba banza aka kira garin nan birnin ƙarfe da wuta ba. Kuma jirgi bai mutu don tsufa ba, kashe shi aka yi. Ƙungiyar ma'aikatan da aka kafa a nan a 1946 ta zame wa gwamnatoci ƙashin kifi a wuya, shi ya sa Shugaba Numeiri ya murƙushe yajin aikin 1981 ya rushe ta. Ga titin kwalta zuwa Port Sudan ya janye kaya zuwa manyan motoci. Bayan 1989 aka zo da korar nan ta salihul amm, wato sallamar ma'aikata da sunan amfanin jama'a, ta kwashe gwanaye. Takunkumin Amurka na 1997 kuma ya yanke kayan gyara, har ta kai ana kwance inji ɗaya don a ta da wani.

Yaya mai aikin jinya: Ƙanena, kuɗin ka gani, ba ka ga abin da ke zuwa mana ba. Kwanaki aka kawo wani yaro, bai kai ashirin ba, hannunsa na karkarwa, kofin shayi ma sai an riƙe masa. Aikinsa ƙona zaiba a kasko don zinaren ya fito, kansa sunkuye cikin hayaƙin, ba ko ƙyalle a hanci. Uwarsa ta ɗauka iska ce ta taɓa shi. Ga kuma karta, ragowar ƙasar da ake wankewa da sayanid. Da ruwan sama ya sauka ina take nufa? Gonaki, sannan Nilu, ruwan da mu duka muke sha.

Ɗan Kassala: Yaya, ban musa ba, Allah Ya ba shi lafiya. Amma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, me saurayi zai yi? Ya zauna jiran jiniyar Kawu? Yaran unguwarmu da zinaren nan suka yi aure, suka rufa wa iyayensu asiri.

Malam na Maiurno: Ni ina ganin simintin da ka ambata hujjar Kawu ce, ba taka ba. Masana'antar simintin Atbara tun 1947 take. Kaya mai nauyi irin wannan na jirgi ne, amma yau a kan tirela ake ja, titi na farfashewa, kuɗin mai na hawa kan kowane buhu. Kuma da aka sa jirgin ƙasan fasinja da ake kira na Nilu tsakanin Khartoum da Atbara a 2014, ai mutane sun shiga.

Ɗan Kassala: Malam, wa zai zuba kuɗi a dogo ana cikin yaƙi?

Kawu na Atbara: Yau ba kowa, na yarda. Tun Afrilun 2023 garin ya cika da waɗanda yaƙi ya koro daga Khartoum, makarantu sun zama masauki, kuɗin haya ya fi ƙarfin ɗan gari. Amma ka lura da abu ɗaya. Mai haƙar zinare ya samu ya tafi, ramin ya bar mana. Warsha kuwa mutum take ƙerawa, ta koya masa sana'a da tsayawa tare da 'yan'uwansa. Ranar 19 ga Disamba 2018, da burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3, jikokin ma'aikatan nan ne suka fito zanga-zanga, kuma a jirgi mutanen Atbara suka shiga Khartoum a 2019. Abin da ke hana ni barci shi ne mu da muka san cikin injin nan muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda muka miƙa wa.

Yaya mai aikin jinya: Kawu, yaron nan da na faɗa, in hannunsa ya daidaita, za ka karɓe shi ka koya masa?

Kawu na Atbara: Ki turo shi, 'yata. Kayan aikina na nan a akwati, ban sayar da ko sufana ɗaya ba.